Mutumin da Ya Fasa Jingarsa

Masu cewa na yi shiru da yawa, ku yi haƙuri, ba jan aji ba ne. Na sha ɗaukar wayar nan in fara rubutu, in yi layi biyu in goge, don abin da ya same ni ba irin wanda ake ba da labarinsa ana taunar cingam ba ne. Ga wadda yau ta fara cin karo da ni, sunana Mardiyya, 'yar Malam Haladu mai banda a kasuwar kifi ta Haɗeja. In kin taɓa bi ta layinmu kika ji ƙamshin kifi ya rako ki har bakin titi, to ƙofar gidanmu kika wuce. Ƙawayena sun ce ko na yi wanka da turare sai sun gane 'yar gidan wa ce ni, ni kuwa in ce musu ai da wannan ƙamshin aka yi mini makaranta.

Saurayina sunansa Abdulmannan. Mutumin Tudun Gana ne, wani ƙauye da ke gaba da Kirikasamma, in za ka Baturiya. Ya yi karatun noma, kuma lokacin da abokan karatunsa suka bazama Dutse da Kano neman aikin ofis, shi sai ya naɗe takardarsa ya koma fadamar da mahaifinsa ya bar masa. Bai tsaya nan ba, ya riƙa tara matasa ana gayyar yankan kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a yankinmu har kogi ya rasa ta inda zai bi. Ranar da ya fara zuwa wurina zance, shaddarsa ruwan ƙasa ta sha wanki har ta gaji, hannuwansa duk yankan ciyawa. Wasu 'yan matan samarinsu na zuwa da kaza da lemon kwalba, ni nawa ya zo da bayanin yadda ruwa ke tafiya. Na zauna a zaure cikin hijabina mai ruwan toka ina cewa a raina, wannan wane irin mutum ne Allah ya haɗa ni da shi? Kafin ya tashi na riga na faɗa, ban ma san lokacin ba.

Ba ni kaɗai na faɗa ba, har da mutanen gidanmu. Baba yakan bar rumfarsa da wuri in ya ji zai zo, su zauna suna hirar kifin da ya ɓace a kogi tun da kacalla ta yi yawa. Yaya Khalid, babban wana da ke aiki a Kano, saƙon murya ya turo a guruf ɗin gidanmu yana yabonsa. Ya ce irin su Abdulmannan ne Turawa ke cewa suna da aidiyalizim, wato mutum ya hango duniya yadda ya kamata ta kasance, ya kuma tashi tsaye ya gyara ta da hannunsa. Ya ce da ana samun goma irinsa a kowace ƙaramar hukuma da mun wuce nan. Inna ta kasa furta kalmar, sai ta mai da ita abin tsokana. Da ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta leƙo ɗakina ta ce in tashi, ga mai adiyalizin ɗina nan ya iso.

An kawo gaisuwa, an kawo kayan na-gani-ina-so a wata jaka ruwan goro. A ciki akwai wata atamfa mai koren ganye da na ɗauki hotonta na kai wa tela, muka gama shawarar ɗinkin da za a yi mata tun ba a sa rana ba. Baba ya ce sai kaka ta yi, a sa rana hankali kwance. Abdulmannan kuwa ya ce a garinsu saurayin da ke neman aure ba ya taɓa sabuwar shinkafarsa sai ya kai ta fari gidan surukai, don haka buhun farko da zai fito daga fadamarsa a zaurenmu za a sauke shi. Baba ya yi dariya ya ce Allah ya kai mu.

Tun daga nan gonar nan ta zama tamu ni da shi. Kullum da safe kafin in gama wanke-wanke hotonta ya shigo wayata. Na gan ta tana tsiro, na gan ta ta rufe ƙasa, na gan ta ta yi ciki, har ta fitar da kai ta fara sunkuyawa. Nakan buɗe hoton in ƙara masa girma da yatsu biyu, ina kallon lefena da sadakina da ranar ɗaurin aurena a jikin zangarniya. Ku yi mini dariya in kuna so, ni dai haka na yi.

Sai ruwa ya zo. Mu mutanen Haɗeja ba baƙonmu ba ne, kowace damina da kunne ɗaya muke barci, amma na bana ya zo da fushi. Abdulmannan ya daina turo hoton shinkafa, ya koma turo na jinga, tudun ƙasar nan da ake yi a bakin ruwa don a tare shi, matasa na jera buhunan yashi a kanta. In na kira shi sai in ji iska da hayaniyar mutane, ya ce in yi addu'a kawai.

Ran wata Litinin bayan azahar ina tsakar gida ina tsince wake, ƙafafuna ɗaure da ledar lalle, wayata ta yi ƙara. Ba shi ba ne, wata ƙawata ce ta turo bidiyon da ke yawo a gari, ta rubuta a ƙasa, wannan ba naki ba ne? Na buɗe. Shi ne kuwa, tsaye cikin ruwa iya ƙugu, sanye da shuɗiyar rigar nan mai gajeren hannu da nake cewa ya bayar da ita sadaka. Shebur ne a hannunsa, yana saran jingar da ke kare gonarsa. Ina kallo ƙasar ta buɗe, ruwa ya kwararo ya bi ta kan shinkafar nan da na san ta tun tana tsiro. A bayan mai ɗaukar na ji wani dattijo yana salati yana cewa yaron nan ya zautu. Farantin waken ya zame daga cinyata, kaji suka taru a kai, ban ko kore su ba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ruwa ya ci ƙarfin jingar ta wajen rugar wani Bafulatani, Tukur, wadda ke can gangare, kuma mazan rugar sun tafi da shanu tudu, an bar mata da yara da maruƙa. Dattawan gari suka taru suka ce dole a fasa jinga ta sama, ruwan ya bi kwari ya zube a tsohon tabki, in ba haka ba kafin magariba rugar nan sai labari. Kowa ya yarda da shawarar. Da aka zo kan ta gonar wa za a fasa, sai kowa ya shiga kallon gonar maƙwabcinsa. Ta Abdulmannan ce a bakin kwarin, shi ma ya sani, su ma sun sani, ba dai wanda ya iya buɗe baki ya ce wa maraya ya ba da nomansa na shekara. Bai jira an ce ba, ya ɗauki shebur.

Na yi ta kiran wayarsa a kashe. Sai bayan la'asar ya kira ni da wayar wani. Ya fara ce mini kowa lafiya a rugar, ko ɗan maraƙi ba a rasa ba. Ban ce masa sannu ba, ban ce masa Allah ya ba da lada ba, duk da na san su ya kamata in faɗa.

"Lokacin da ka ɗaga shebur ɗin nan, ka tuna da ni?"

Sai ya ce:

"Na tuna da ke, Mardiyya. Amma bayan na fasa."

Da ƙarya ya yi mini da na ji sauƙi. Na kashe wayar, na shiga ɗaki na ja labule, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Ba shinkafar nake yi wa ba. Abin da ya ƙona ni shi ne na san bai yi laifi ba, ga shi kuma ina jin haushinsa har cikin ƙashina, kuma babu wanda zan kai wa ƙarar mutumin da ya ceci rayuka.

Gari ya rabu biyu a kansa. A kasuwar kifi wasu suka ce waliyyi ne, wasu suka ce wawa ne, kuma na lura masu cewa waliyyi babu wanda ke da 'ya a hannunsa. Matan rugar sun kai wa mahaifiyarsa ƙwaryar nono da man shanu suna kuka suna sa masa albarka. Da labarin ya iso gidanmu, Inna ta ce alheri danƙo ne, ba ta musa ba, amma ita ba ta taɓa ganin an haɗa lefe da nono ba. Daga ranar ta daina tsokanata da sunan nan.

Yaya Khalid ya sake turo saƙon murya. Wannan karon ya ce aidiyalizim ne ke damun yaron nan, ya faɗe ta kamar yana faɗin sunan zazzaɓi. Ya ce mutum ya riƙa mafarki ido biyu, ya manta duniyar da yake takawa, ya manta akwai 'yar mutane da ke jiransa. Na koma sama a guruf ɗin na nemo tsohon saƙonsa, na saurare shi, na dawo na saurari sabon. Murya ɗaya, kalma ɗaya, mutumin da ake magana a kansa ma bai canza ko hula ba. Na bi shi ta gefe na tambaye shi, Yaya, wai kalmar nan yabo ce ko zagi? Ya rubuto cewa duka biyun ce, ya danganta da wanda zai biya kuɗin. Sannan ya ƙara da cewa in daina gardama, shi gata yake yi mini.

Gatan kuwa ya yi shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya samo wa Abdulmannan aiki a wani kamfanin sayar da iri da taki a Kano, da albashi, da ɗaki biyu a bayan shagon. Baba ya aika masa da magana ɗaya: in ya karɓi aikin ya bar fadama, a sa rana cikin watan nan, ba sai ya kawo ko ƙwayar shinkafa ba. In ya ƙi, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a mai da musu jakarsu, a rabu ana mutunta juna. Ba wanda ya ce zai ba ni wani, ba wanda ya ɗaga mini murya. Da ma sun yi, da na sami abin yi wa tawaye.

Ran Laraba da hantsi na ji babur ɗinsa. Na sa doguwar riga baƙa, na ɗora mayafi ko kwalli ban sa ba, don so nake ya ga abin da ya mai da ni. Da na shiga zaure sai na ga ni ce ma da sauran jiki. Ya rame, wuyansa ya fito, ƙafafunsa sun yi fari fat sun tsattsage saboda zama cikin ruwa. A gabansa akwai wani ɗan ƙunshi a cikin yankakken buhu, bai fi kwano ɗaya ba. Ya tura mini shi da hannu biyu. Ya ce ya shiga gonar da kwalekwale, ya bi yana yanko kawunan da suka tsira a saman ruwa da lauje, ya shanya a kan rufin ɗaki, mahaifiyarsa ta turara ta surfa.

"Na yi wa Baba alkawarin ta fari," ya ce. "Ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe."

Na riƙe ƙunshin a cinyata na kasa kallonsa. Duk maganganun da na shirya in faɗa masa suka gudu, tambaya ɗaya ta rage.

"In baɗi ruwan ya dawo, aka sake tsayawa ana kallon juna, me za ka yi?"

"Zan so in ce miki ba zan sake ba."

"Amma?"

"Amma ba na son in fara zama da ke da ƙarya." Ya murza hularsa a hannu. "Ki saurare ni. In kika ce in tafi Kano, zan tafi. In ba na wurin ba zan ga ruwan ba, balle in fasa wani abu. Kuma wallahi ba za ki taɓa jin gori a bakina ba. Maganar tana hannunki."

Na san ba zai yi gori ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Da mai mita ne, da na ce ya tafi, mu yi ta faɗa har mu tsufa. Amma shi shiru zai yi. Na hango shi a bayan kanta a Kano yana auna wa mutane iri, hadari ya haɗu ta gabas, ya ɗaga kai ya kalla, ya sunkuyar ya ci gaba da awo. Na hango kacalla tana mai da duk inda suka yanke, ba mai kiran gayya. Zai zama nawa ni kaɗai, ba musu, sai dai ban san ko zan gane shi ba.

Da ya tafi na ɗora tukunya. Shinkafar ta yi duhu-duhu, rabinta karyayye, kuma ko da na wanke ta sau da yawa tana nan da warin ruwan kwance. Na yi mata miyar banda, na zuba a kular Baba ta azahar, na kai masa ɗakinsa da kaina na durƙusa na gaya masa daga inda ta fito. Na zaci zai ture. Sai ya wanke hannu ya yi bisimilla, ya ci a hankali har ya share kwanon, ya tsince 'yan ƙwayoyin da suka zuba a tabarma ya sa a baki. Da ya ɗago na ga idanunsa sun yi ja.

"Ya cika alkawari," ya ce. "Mardiyya, da ni ne Tukur, har in mutu ina yi wa yaron nan addu'a. Ko yanzu ma ina yi masa. Amma ni ba Tukur ba ne, ni uban yarinya ne. Na san yadda yunwar damina take a gidan da ruwa ya ci, na ga matan da suka sayar da kwanukan aurensu. Ba zan miƙa ki da hannuna ba."

Babu ƙarya a maganarsa. Na kwashe kwanukan na fita. Inna na bakin murhu ta ji komai, ta karɓi kular daga hannuna ba ta dube ni ba. Ta ce namiji irin wannan na kowa ne, matarsa ce kaɗai ba ta da shi. Ta ce in ina son sa in ce ya tafi Kano, so duka so ne amma son kai ya fi, kuma ba wanda zai zarge ni. Na ce mata to. Na wuni Alhamis ina cewa to, duk wanda ya yi mini magana to, har tela da ya kira yana tambayar yaushe zan kawo atamfar.

Yau Juma'a. Tun da hantsi Inna ta shigo da jakar nan ruwan goro ta ajiye a kan gadona, ta ce ko a buɗe ta a kai ɗinki, ko a zuge ta a kai zaure, ta fita ta ja mini ƙofa. Na fito da atamfar mai koren ganye na shimfiɗa a cinyata. Sai yanzu na lura ganyen jikinta ya yi kama da na shinkafa, ban sani ba ko da gangan ya zaɓe ta, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Wayata ta yi haske, saƙon Abdulmannan ne.

"Yau ce. Kalma ɗaya nake jira, kowacce ce na karɓa."

Na rubuta ka tafi. Na zauna ina kallon kalmomin nan biyu, ga aurena a cikinsu, ga ɗaki biyu a Kano, ga dariyar Inna ta dawo. Yatsana na kan wurin turawa. Sai bidiyon nan ya faɗo mini a rai, shi cikin ruwa iya ƙugu, kowa na kallon gonar wani shi yana kallon tasa. Na yi fushi da shi don bai tuna da ni ba kafin ya fasa, amma 'yan'uwa, ku gaya mini gaskiya, da ya tsaya ya tuna da ni ya ajiye shebur ɗin nan, aka wayi gari ana neman yaran rugar a cikin kacalla, da wane ido zan kalli shinkafar da aka yi aurena da ita? Mutumin da na so shi ne wanda ya fasa. Ba ni da wani.

Na goge. Na rubuta ka zauna, na tura kafin zuciyata ta canza.

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Na ninke atamfar yadda ta zo, na bi layin ninkin kanti don kada a ce an taɓa ta, na mai da ita ƙasan jakar, na ɗora sauran kayan a kai. Zik ɗin ya ƙi tafiya, sai da na danne jakar da gwiwa. Daga masallacin unguwa aka fara kiran salla na farko, na ji takun Baba a tsakar gida da ƙamshin turaren Juma'arsa. Ya tsaya a bakin ƙofata bai shigo ba.

"Mardiyya, me ake ciki?"

Wayar na kan katifa, har yanzu tana nuna yana rubutu. Na ɗauki jakar da hannu biyu, ta fi ranar da aka kawo ta nauyi, na ɗaga labule.

"Ga ta, Baba. Na haɗa."